Bahagwan Majigin Bukuru

Ni ban iya lissafin shekarun boko ba, amma abin da zan ba ku labari ya faru ne a kaka ta biyu bayan an sauke tutar Ingila, shekarar da aka yaye ƙanena Sule, wadda ƙanƙara ta sauko da damina ta kashe wa maƙwabtanmu kaji. Ranar Asabar ce, an idar da sallar magariba, ina tsugune a kan wani faffaɗan dutse a bayan kulob ɗin Turawan kuza a Bukuru, ni da ƙawata Talatu, mun lulluɓa da zane ɗaya saboda sanyi, kowacce da soyayyiyar gyaɗa a hannu. A gabanmu akwai farin ƙyalle, ya fi zanen gado uku faɗi, an ɗaure shi da igiya tsakanin bishiyoyin turare biyu, an ja ƙasansa an kafe da turaku. Turawa suna can ɗaya gefen a kan kujerunsu da kofunansu, mu muna wannan gefen cikin duhu. Hasken injin majigi yana ratsa ƙyallen, saboda haka duk abin da suke kallo muna kallo, ba wanda ya gayyace mu. A wannan ranar na yi dariyar da ta jawo aka rufe ni a gida. Amma ku bari in fara ta inda ya kamata, don ni ba na ba da labari a karkace.

Babana, Malam Audu, kuku ne a gidan wani Bature injiniya na kamfanin kuza. Muna zaune a bayan gidan, ɗaki ɗaya da ɗan tsakar gida da Baba ya kewaye da zana. Innata 'yar ƙauye ce daga ƙasar Zazzau, ta tashi tana zuwa rafi, tana kai abinci gona, tana roron gyaɗa da 'yan uwanta har rana ta faɗi. Da Baba ya kawo ta bariki sai ya ce ba ta fita, wai wurin cike yake da leburori da mashaya da karnukan Turawa. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. Sai duniyar Inna ta koma daga wannan zana zuwa waccan: turmi, murhu, randa, igiyar shanya, da wata 'yar ɓula a jikin zanar gabas inda take saka ido in ta gama aiki, tana kallon jan tudun ƙasar da aka tono daga ramin kuza. Ni ce ƙafafunta. Ni ke ɗebo ruwa a famfo da sassafe, yatsuna suna ƙagewa don sanyi, ni ke kai niƙa, ni ke tsinto ƙirare a gindin turare, ni ke taya Baba feren dankalin Turawa a ƙofar kicin in an yi baƙi. Duk inda na je na dawo, kafin in sauke abin da ke kaina Inna za ta ce, "To, me kika gano?" Ba ta yarda da "ba komai". Tun ina faɗin abin da na gani kawai, har na koyi faɗinsa yadda za ta yi murmushi.

Baban Talatu shi ne mai gadin kulob, tsohon soja ne, mai gashin baki kamar tsintsiya. Shi ya nuna mana dutsen nan, ya kuma kafa mana sharaɗi guda: "Ku zo da idonku, ku bar bakinku a gida. In aka ji motsinku, ni da kuku mun bar aiki." Mun san ba wasa yake ba, don in aiki ya tafi ɗaki ma ya tafi, ga Sule ƙarami, ga Inna da wani cikin. Saboda haka muka koyi dariya ba sauti. Mukan cusa bakin zane a baki, mu matse juna, hawaye na zuba, cikinmu na ciwo. In abin ya fi ƙarfinmu sai mu jira Turawa su ɓarke da tasu, mu saki tamu a ƙarƙashinta, mu tsaya kafin su tsaya.

Fina-finan duk na ban dariya ne daga Ingila, baƙi da fari, kuma kusan mutanen nan ne dai suke ta dawowa, yau a asibiti, wani satin a barikin soja, wani satin a jirgin ƙasa ko a wani tsohon gida mai yawan ƙofofi. Ba ma jin Turanci, sautin ma ba ya iso mu sosai, sai muka raɗa musu suna da kanmu. Akwai Dogo, siriri mai hular kwano da lema, wanda ko an watsa masa miya a ƙirji sai ya gyara wuyan rigarsa ya ci gaba da magana kamar ba abin da ya faru. Akwai Tulu, ƙaton ɗan sanda da kullum yake isowa bayan an gama ɓarna. Akwai Gwaggo Mai Shayi, tsohuwar da ko gida na cin wuta sai ta zuba wa kowa shayi tukuna. Sai Ɗan Firit, ƙaramin mutum da ba ya wuce tsani ko bokiti lafiya. Mu a wurinmu 'yan kama ne, irin waɗanda Inna ta ce suna zuwa biki a garinsu, sai dai su waɗannan 'yan kaman Turawa ne, kuma abin da ya fi burge ni da su shi ne ba sa dariya. Suna yin abin kunya da fuskar alƙali.

To ga abin da ya fi kashe mu. Dukkansu bahagwai ne. Da hagu suke gaisawa, da hagu suke miƙa wa babba kofi, da hagu suke sara wa hafsan soja, da hagu suke kai cokali baki. Mun san Turawan barikinmu da dama suke miƙa hannu, muna ganinsu kullum, saboda haka muka yanke cewa a Ingila sai bahago ake ɗauka aikin ban dariya, kuma rashin kunyar nan ita ce gishirin wasan. A gidanmu in ka miƙa wa Baba ruwa da hagu sai ka ɗanɗani ludayi a ka. Ga ƙattin mutane da gemu da furfura suna yi a gaban jama'a. Har mukan yi mamakin Turawan kulob, mu ce dubi marasa wayo, an yi abin dariya sun yi shiru, sai an faɗi a kan tsani suke dariya kamar yara. Baba bai taɓa kallo ba, ranar majigi yana can kicin ɗin kulob yana yanka burodi, kuma ba mutumin da ake tambaya irin wannan ba ne.

Da an gama sai in ruga gida. Inna tana zaune a bakin murhu ta ajiye mini tuwona a rufe, ba ta barina in ci sai na fara. In ɗauki tabarya ta zama lemar Dogo, in kifa ƙwarya a ka, in tura tsumma a riga in zama Tulu. Maganarsu kuwa ni nake saka musu a baki, da Hausa tsantsa. Dogo ya je neman aure, Gwaggo ta ce sai ya sha shayi, ya ce azumi yake, ta ce ai da daddare ne. Inna takan yi dariya har ta riƙe ciki tana cewa in bari kada in sa ta haihu ba lokaci ba, da na tsaya kuma ta ce, "Sai kuma me?" A duk sati wannan ce dariyarta. Ina yarinya amma na san haka.

Mu koma ranar da na faɗa muku. Fim ɗin ya zo wurin da wani attajiri ya mutu, an taru a gidansa cikin baƙaƙen kaya. Kiɗa ya yi sanyi, Turawan kulob sun yi tsit, ko ƙarar kofi babu. Sai ga matar mamacin zaune tana share hawaye, mutane sun yi layi za su yi mata ta'aziyya. Dogo ne a gaba. Ya cire hula, ya sunkuyar da kai, ya miƙa mata hagu. Ita ma ta ba shi hagu. Na bayansa hagu, na bayansa hagu, har da wani tsoho mai sanda da ya tsaya ya mayar da sandar ɗaya hannun don kawai ya samu ya ba da hagu. A gidan mutuwa fa! Na cusa zane a baki, Talatu ta danna mini gwiwar hannu a haƙarƙari, na jira Turawa su yi dariya in fake a ciki, suka ƙi. Sai abin ya fito mini ta hanci kamar kukan jaki. Na zame daga kan dutsen na mirgina, ƙafata ta doki turke, igiya ta kwance, iska ta ɗaga rabin ƙyallen ta naɗe shi a jikin bishiya.

Haske ya faɗo a kaina. Ban taɓa ganin haske irinsa ba, ba na ganin kowa, kowa yana ganina, ina kwance a ƙasa da zane a baki, gyaɗa a warwatse, hoton matar mamacin yana rawa a jikin rigata. Sai Turawa suka fashe. Wallahi duk satuttukan da na yi ina sauraronsu ban ji sun yi wa Ɗan Firit dariya irin wadda suka yi mini ba. Ni da nake ba mutane dariya don na ga dama, ranar na san bambancin wanda ya ba da dariya da wanda aka yi wa. Aka kirawo Baba daga kicin da farar rigar aikinsa, ya tsaya a gaban sakataren kulob hannu a baya yana ta ba da haƙuri da ɗan Turancinsa, mai gadi a gefensa ya ƙame kamar a fareti. Allah ya taimaka dariyar ta sanyaya musu rai, ba a kori kowa ba. Amma daga satin aka koma haska majigi a jikin bangon kulob, bango kuwa ba shi da baya. Baba bai dake ni ba. Ya ce kawai, "Asabe, daga yau in rana ta faɗi ƙafarki ba ta ƙetare zanar nan."

Asabar ɗin da ta biyo na zauna a bakin murhu na haɗa kai da gwiwa, na ƙi tuwo. Ba don kaina kaɗai ba, na san abin da na jawo wa Inna. Can sai iska ta kawo mana dariyar Turawa daga kulob, sama-sama, ta tashi ta kwanta. Inna ta taɓa ni da ƙafa ta ce, "Kin ji? Wane ne ya faɗi?" Na ce ban gani ba. Ta ce, "Ni da nake sha a bakinki na taɓa gani ne? Ai kin san mutanen nan. Tashi ki gaya mini." Na tashi na ɗauki tabarya. Daga ranar haka muka riƙa yi, mu biyu a cikin zana. In dariyar ta zo gajeriya, Dogo ne ya faɗi wata magana. In ta yi tsawo har da tafi, Ɗan Firit ya shiga bokiti. In aka daɗe shiru, to ana gaisawa da hagu ne, mu sai mu yi tamu. Muka yi ta yi har Baturen Baba ya koma ƙasarsu, muka tattara muka koma Kano. A can na yi aure, na haifi 'ya'ya, na ga fina-finan Indiya na ga namu na gida, amma su Dogo ban sake haɗuwa da su ba. Duk wanda ya zauna da ni kuwa ya ji cewa 'yan kaman Ingila bahagwai ne, kuma ba wanda ya taɓa musa mini.

Yanzu ina Lanham, wani gari can ƙetaren teku, a gidan ɗana na fari, wanda nake kira Dakta. Ciwon gwiwa ya kawo ni, aka yi aiki, aka ce in ƙara hutawa, hutun ya zama shekaru. Gida ne mai kyau, ba zan ɓoye ba, akwai ɗumi, akwai abinci, matarsa Maman Ummi ba ta rage ni da komai ba, ita ce ma take rubuta wannan ina faɗa, na kuma ce mata kada ta rage ko kalma. Amma unguwar ba mutum a waje. Kowa ya fito daga ɗaki ya shiga mota a gareji, ƙofa ta ɗaga ya fice. Sau ɗaya na ce bari in taka ƙafa, gidajen duk suka zama iri ɗaya, na yi ta zagaye har wani ɗan sanda ya dawo da ni. Tun ranar Dakta ya roƙe ni kada in sake fita ni kaɗai, ƙofar ma in an buɗe ta sai ta yi ƙara. Ba mugunta ba ce, tsoro ne. In ba ya aiki ran Juma'a ya kai ni masallaci, wani lokaci a je suna a Upper Marlboro, wani gari kusa da mu, in sami tsofaffi mu gaisa a tsaitsaye. Sauran kwanakin ina bakin tagar falo, ina kallon kurege da mai kawo wasiƙu.

Hunturun da ya wuce aka yi dusar ƙanƙara har aka rufe makarantu. Jikata Ummi, wadda aka sa wa sunana, budurwa ce yanzu, tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsa mini, shi ya sa nake ce mata Baturiya. Tana kwance a kujera da rana tana ta canza tasha a talabijin, sai na ga baƙi da fari ya gifta, na ga hular kwano. Na ce, "Ke Baturiya, koma baya!" Ta koma. Shi ne. Dogo ne da lemarsa, ko furfura ɗaya bai ƙara ba, ni kuwa ga ni da sanda. Na ji kamar in yi masa sallama. Sai ya shiga wani ofis, ya cire hula, ya miƙa wa mai ofis ɗin hannu. Hannun dama. Na matsa kusa. Gwaggo ta shigo da butar shayi, a hannun dama. Na ce, "An gyara su. Wa ya gyara su?"

Ummi ta tambaye ni me aka gyara, na ba ta labarin dutse da ƙyalle da duka. Sai ta haura sama da gudu ta sauko da dogon madubin ɗakinta, ta jingine shi a kujera yana fuskantar talabijin, ta juya ni na ba talabijin baya. A cikin madubin sai ga mutanena sun dawo daidai, kowa da hagunsa. Ta nuna mini da hannu, ta tsaya bayan labule ta ɗaga dama, ta zagayo gaba ta sake ɗagawa, har na gane. Ashe bayan ƙyalle ne ya juya su. Ashe mutanen kirki ne masu ladabi, ta'aziyyarsu ma da dama suka yi ta. Dariyar da ta kusa raba Baba da aikinsa, ta rufe ni a zana, na yi ta ne a kan abin da ba wanda ya gani a duniya sai ni da Talatu.

Yarinyar nan ta yi ta ƙyalƙyala dariya har da buga kujera. Na ce ta yi ta gama, uwarta ma ba a haife ta ba lokacin da nake kallon majigi. Don ta wanke kanta sai ta ce za ta fassara mini ainihin abin da suke faɗa, ta kirawo uwarta ta taya ta. Na saurara. Wai rigimar wata takardar ofis ce da ta ɓata. Na ce, "Wannan ne labarin? Kashe musu murya." Ta kashe. Na gyara zama ina fuskantar madubi, na ɗauki sandata ta zama lema, na fara. Dogo ya zo neman auren bazawara, mai ofis ya ce an riga shi, Gwaggo ta ce kowa ya sha shayi kafin a yi dambe. Ummi ta zamo daga kujera ta zauna a ƙasa. Maman Ummi ta bar tukunya a wuta. Da na tsaya in huta sai na ji yarinyar ta ce, da Hausarta mai kama da ta Baturen Baba, "Kaka, sai kuma me?" Muryar ba ta Inna ba ce, amma tambayar tata ce.

Ƙanƙara ta narke, makaranta ta buɗe, Ummi ta koma ƙwallonta da ƙawayenta da wayarta. Madubin dai yana nan a falo, na hana a ɗauke, Dakta ya ce zai fashe na ce ya fashe. Da rana in gida ya yi tsit sai in kunna tashar in juya baya, in yi ta ba su magana ni kaɗai. Wajen la'asar in koma taga in jira motar makaranta mai ruwan ɗorawa. In Ummi ta shigo, kafin ta sauke jaka na ce, "To, me kika gano?" Ta sumbace ni a goshi ta ce ba komai, ta haura sama. A da ina zaton Inna labari take so. Yanzu na san waje take so a shigo mata da shi, ko da a karkace ne.

Inna ta rasu a Kano, Baba ya riga ta, mai gadi tun muna Bukuru. Sule ma ya tafi bara waccan. Su Dogo kuwa Ummi ta duba a waya ta ce duk sun mutu tun tuni, ta karanto mini sunayensu na gaskiya na ce ta riƙe abinta. Saura ni, saura Talatu, tana Jos a gidan jikanta, kunnenta ya tafi, haƙora ma sun bi shi. Da sallah aka haɗa mu ta waya muna ganin juna. Na so in gaya mata zancen madubi, na ga ba za ta ji ba, kuma ban ga amfanin in ɓata mata ba. Sai na sunkuyar da kai kamar mai ta'aziyya, na miƙa mata hannun hagu. Ta dube ni, ta jawo bakin mayafinta ta cusa a baki, kafaɗunta suna rawa. Jikokinmu suka tsaya suna kallonmu a nan da can. Mu biyu kaɗai muka rage da muka gani da idonmu.